Lefen Iska

Guɗar ce ta riga kayan shigowa.

"Ayyiriri! Ku ba da hanya, kayan Laure sun iso daga Gumel!"

Laure na tsugune bakin murhu tana tuƙa tuwon suna a gidan Baffa Mati da ke Gagarawa, ta ɗago da muciya a hannu. Mata biyar ne suka shigo a jere, kowace da akwati a ka, an lulluɓe da sabon zane. Suka sauke a tsakar gida, suka ɗora wani kan wani, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Da aka yaye zanen sai ga su kore shar, an zana musu furanni ja da fari, fenti na ta ƙamshi.

Laure ta miƙe zumbur. Ta san akwatunan nan tun suna zane a ƙasa.

"Goggo... Goggo Larai, ba lefe ba ne!"

Wa zai ji ta? Gida cike da 'yan suna, kowa na ture kowa.

"Bazawara da akwati biyar! Ko budurwa ai sai mai goshi."

"Ɗan kafintan nan ya yi abin kai, wallahi."

Hayaniyar ta kai zaure, har Baffa Mati ya leƙo da baƙinsa a baya, fuskarsa cike da fara'a. Shi ne wan mahaifin Laure, shi ne kuma uban mijinta da ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ta da 'ya ɗaya, A'i.

"To, Larai, buɗe mana mu sa albarka," in ji shi.

Goggo Larai ta yi bisimilla ta zare sakatar na sama.

Babu komai.

Ta buɗe na biyu. Babu komai. Na uku, na huɗu... Har ta kai na ƙasa. Ko ƙyalle babu, sai ƙamshin sabon katako.

Gidan ya yi tsit, har ana jin tafasar tuwo. Can wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Lefen iska!"

Shi ke nan, dariya ta ɓarke.

Baffa Mati bai ɗaga murya ba. Ya dubi baƙinsa, ya dubi Laure, ya dubi 'yar jikarsa da ke riƙe da zanen uwarta.

"A gaban surukaina? Ni za a kawo wa akwati wayam ranar sunan jikana? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, jinin ɗana ba zai kwana a gidan yaron nan ba!"

Muciyar ta suɓuce daga hannun Laure.

*

Wata bakwai ke nan da fara maganar akwatunan.

Tun da ta fita takaba Laure take zama da Goggo Larai a Maigatari, suna sayar da kayan koli a rumfar da ke kusa da hanyar kara, inda ake sayar da shanu: allura, zare, reza, kwalli, madubi, tsakiya, sabulu da turare. A tabarma suke baza wasu, wasu su zuba a kwanuka su jera su sama don mai wucewa ya gani. Wata Alhamis, ana tsakiyar cin kasuwa, wani bijimi ya ƙwace daga hannun makiyayi, mutane suka watse, jerin kwanukan ya rikito a kan A'i. Bakin kwano ya tsaga mata goshi.

Wanda ya fara ɗaukar yarinyar shi ne Haladu, kafintan Gumel da ke kawo kujeru da tagogi duk ran kasuwa. Ya cire hularsa ya danne ciwon da ita.

Alhamis ta gaba ya dawo da karan dawa a hannu.

"Sannu da kasuwa, uwar yarinya. Ina majinyaciyar? Awo na zo yi."

"Awon me kuma? Riga za ka ɗinka mata da zarto?"

Ya yi dariya, ya tsayar da A'i, ya ce ta miƙa hannu sama iya ƙarfinta. Inda yatsunta suka tsaya ya karya karan.

"Daga nan zuwa ƙasa sabulu da zare. Daga nan zuwa sama reza da allura da kwalli. Kin gane?"

Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa. Akwati biyar. Kowane yana da leɓe a samansa, gindin na bisansa ya faɗa ciki ya zauna daram, ko an bangaje shi ba zai zame ba. Gaban kowane akwati marfi ne da ake zarewa, kaya su fito fili mai saye ya gani daga nesa. In kasuwa ta tashi a mayar da marfi, a sa sakata, babu sauran kwashe-kwashe.

"Na ƙasan fa, me ya sa ya yi wannan girma?"

"Shi ne uwa, shi ke ɗauke da kowa. Da katakon maɗaci zan yi shi, mai nauyi. In uwa ta zauna, 'ya'ya ba sa faɗuwa."

Laure ta sunkuyar da kai. Tun rasuwar mijinta masu zuwa zance ba su yanke ba, amma kowa ita yake kallo. Wannan ne kaɗai ya fara auna 'yarta.

Daga awo aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma zance a ƙofar gidan Goggo bayan la'asar. Har Baffa Mati ya ba shi izini, ya kuma yi alkawarin da ya fi komai daɗi a kunnen Laure: in an yi auren ba zai karɓe A'i ba, zai bar ta a hannun uwarta.

"Hasken rumfata," Haladu kan ce, "bari a yi girbi, ko da yake bana ruwan ya yi mana rowa. Iyayena za su zo."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Ubale, direban babbar motar da ke zagaya kasuwannin Gumel, Gagarawa da Maigatari. Sau uku yana aiko wa Laure da turaren Damagaram, sau uku tana mayarwa. Ubalen nan Haladu ya ba akwatunan, ya ce a sauke a rumfar Goggo.

*

Washegarin suna ta tare shi a tasha, yana zuba ruwa a mota.

"Ubale, ka ji tsoron Allah! A ina aka ce ka sauke kayan nan?"

"A'a, amaryar iska, ina kwana? Ni dai an ce kayan Laure ne. Na tambaya aka ce Laure na Gagarawa. Laifi ne don na kawo miki har gida?"

"Matan da suka ɗauka fa? Wa ya ce su yi guɗa?"

"Ni na yi wa akwatin fure? Ni na lulluɓe shi da sabon zane?" Ya goge hannu a riga yana murmushi. "Wanda ya yi wa jaki adon doki, kada ya yi fushi in an hau da sirdi."

Abin da ya fi ƙona mata rai, gaskiya ya faɗa. Akwatin kasuwa ba a yi masa fure. So ne ya ja hannun Haladu, ya yi musu irin adon da yake yi wa akwatunan aure, ya sayi zane ya rufe don kada fenti ya kuje a mota.

Ran nan da hantsi Haladu ya iso Gagarawa a kan keke, gumi sharkaf. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure. Laure na bayan ƙofa, A'i a goye, tana jin komai.

"Baba, wallahi ba lefe ba ne. Ma'ajin kayan koli ne. A ba ni izini in nuna yadda ake zare marfin..."

"Ba sai ka nuna ba, Haladu. Larai ta yi mini bayani, na kuma yarda ba ka yi nufin wulaƙanci ba."

"To Baba, a yi mini aikin gafara..."

"Na yafe maka. Amma magana zarar bunu ce. Jiya da la'asar yara na waƙar lefen iska a bakin rijiya. Ka iya shiga gida-gida ka zare musu marfi?" Ya ja carbi. "Laure bazawara ce, ba zan hana ta wanda take so ba. In ta ce kai, ni zan ɗaura. Amma na yi rantsuwa a gaban mutane. Ran da aka kai ta gidanka, ran nan A'i za ta dawo nan. Ɗana ya tafi, ita kaɗai ya bar mini. Ba za ta tashi ana ce mata agolar mai lefen iska ba."

Laure ta toshe baki da gefen mayafi.

Goggo Larai ta ja ta ɗaki.

"Ke, share hawayenki. Baffanki ya yi kaffara mana, ai rantsuwa tana da magani."

"Kin san shi, Goggo. Ya fi son ya mutu da a ce ya janye."

"To ki bar masa ita! 'Yar fari ce, da ma ba taki ba ce, ta kakanni ce. Mu nan duk haka aka yi mana. Ko sunanta ba kya iya faɗa don kunya, ina ke ina riƙe ta? Ki yi aurenki, Allah ya ba ki wasu."

Laure ta kwance goyon, ta zaunar da yarinyar a cinya. Ta shafa tabon da ke goshinta. Gidan Baffa gidan yawa ne, yara goma sha, ga shekarar ta zo da fari, tuwon dare sai an yi wawa. Wa zai lura ba ta cin kuka sai kuɓewa? Wa zai san in zazzaɓi zai kama ta kunnenta ne ke fara zafi?

Ta rungume yarinyar a ƙirjinta.

*

Alhamis ta zagayo. An kawo akwatunan rumfa, Laure ta ƙi taɓa su, suna jingine a kusurwa. Kasuwa ta cika da shanun da fari ya rame, makiyaya na sayarwa ido jawur.

Haladu ya zo ba kujera, ba taga. Ya tsaya bakin rumfa kamar baƙo.

"Laure..."

"Sannu da zuwa."

"Hasken rumfata, dube ni mana. Kwana shida ban runtsa ba. Mu yi auren, Gagarawa ba nisa, duk Juma'a zan ɗauke ki a keke ki gan ta. In zuciyar Baba ta huce..."

"In ba ta huce ba fa?"

Ya kau da kai.

"Haladu, ka san abin da ya sa na so ka?" Ta dube shi. "Ba don iya zance ba, don ba ka iya ba. Don ka zo da kara ka auna hannunta ne. Yau in na ajiye ta na bi ka, wace Lauren za ka aura? Ba wadda ka so ba ce."

"Kada ki yi mini haka... Laifina ne, na sani! Da na bar katakon fari yadda yake..."

"Ba laifinka ba ne. Kyau ka so yi mini." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Amma ba zan bar A'i ba."

Goggo Larai ta ɗago da sauri. Tun da aka haifi yarinyar ba a taɓa jin sunan a bakin uwarta ba.

"A'i tawa ce," Laure ta sake faɗa, a fili, mutane na wucewa. "Ba zan bar ta ba."

Haladu ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga rumfar, ya jawo babban akwatin ya daidaita masa zama, ya ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya, kowane na faɗawa gurbinsa da 'yar ƙara. Ya zare marafan. Ya jera sabulu da zare a ƙasa, madubi da tsakiya a tsakiya, reza da allura can sama. Ya sa kafaɗa ya bangaji jerin da ƙarfi.

Ko motsi bai yi ba.

"Na ƙasan ban raba cikinsa ba," ya ce, bai dube ta ba. "Na goge kusurwoyin, babu ƙusa ko ɗaya a waje. In rana ta yi zafi ki fitar da sabulun, ki shimfiɗa mata zane."

"Haladu..."

"Akwai mai neman kafinta a Damagaram. Gobe zan bi motar kanwa." Ya tsuguna ya shafa kan A'i. "Ke kuma ki daina girma da sauri, kada ki wuce awona."

Ya miƙe ya shige cikin taron shanu. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta kira shi ba.

Kafin shekara ta zagayo rabin 'yan kolin Maigatari sun sa an yi musu irin akwatunan, har daga Sule Tankarkar ake zuwa kallo. Masu waƙar lefen iska suka manta da ita. Ubale ya sake aiko da turare, ta mayar a karo na huɗu. Baffa Mati ya zo kasuwa sau ɗaya, ya tsaya ya daɗe yana kallon jerin, ya juya ya tafi. Daga Damagaram kuwa labari ɗaya ya zo, bakin wani mai kanwa: kafintan ya yi aure, kuma ba ya yi wa akwati fure ko nawa za a ba shi.

Ran da ta ji, Laure ta sallami mai sayen zare, ta ba shi canjinsa daidai, sannan ta tsuguna ta leƙa akwatin ƙasa.

A'i na ciki tana barci a inuwa, ƙafafunta sun fara leƙowa waje.