Numfashin Dijatu

Ƙirjinta ya ɗaure kamar an zarga mata igiya.

Dijatu ta dafa bangon zaure tana jan iska, iskar ta ƙi shiga. Tari ya sarƙe ta, wani siririn fito na fita daga maƙogwaronta. Hammadu, maɗinkin kasuwar Azare da ke neman aurenta, ya miƙe a firgice.

Duk ranar da ya zo zance, sai abin ya taso.

Husaina, 'yar kawunta da suka tashi ɗaki ɗaya, ta baza a gari cewa aljani ne ke kishi. Dangin Hammadu suka ce ya janye. Kawu ma ya yanke hukunci: a yi mata hayaƙi, a mayar da kayan aure.

Washegari da hantsi Goggo, matar Kawu, ta lulluɓe Dijatu da zane a ɗaki, ta tura kaskon hayaƙi ƙarƙashi.

"Goggo... zan mutu..."

"Shi ke magana, ba ke ba. Daure, 'yar nan."

Haƙarƙarinta na lotsawa, leɓɓanta suka yi duhu, magana ta gagara. Ta fara kalmar shahada a zuci.

Sai aka yaye asabari. Hammadu ne. Ya zo karɓar kayansa, ya jiyo fiton tun daga zaure, ya faɗa cikin gida ba sallama. Ya yi jifa da kaskon, ya fito da ita tsakar gida, ya zaunar da ita.

"Kawu, a gafarce ni," ya ce. "Wannan fuka ce. Ita ta ɗauke mahaifiyata a Shira, hayaƙi ya tayar mata."

An daɗe kafin numfashinta ya daidaita. Nan Dijatu ta tuna wadda ke turare mata kaya duk ranar zance, wadda kuma ta san tun suna yara hayaƙi ke shaƙe ta. Ta dubi Husaina. Husaina ta sunkuyar da kai.

Kawu bai mayar da kayan ba. Amma tsoro bai saki Dijatu ba.

"Ba ta warkewa fa, Hammadu. Ko ƙaiƙayin sussuka tayar mini da ita yake."

"Na sani, masoyiyata. Na riga na fitar da murhu can nesa da ɗaki."

Bayan kaka aka ɗaura auren. Ciwon bai rabu da ita ba, sai dai duk sanda tari ya motsa, kafin ta kira shi ya ajiye allura.