Murfi Mai Launin Shunayya

A ɗakin ɗibar jini suka fara haɗuwa. Malamar firamare ce, ta rako mahaifinta. Da ma'aikacin ya zaro allura, tsohon ko gezau, ita kuwa ta rufe ido tana salati.

"Baba za a soka, Malama, ba ke ba," in ji shi yana dariya.

Daga ranar ya raɗa mata Matsoraciyata, ita kuma ta ce masa Malam Allura. Cikin wata shida magana ta je gaban manya.

Sai wata safiya saƙonta ya shigo:

"Malam Allura, ka yafe mini. Shekara biyu da suka wuce an yi mini gwaji, aka ce ƙwayoyin da ke tsayar da jinina ba sa aiki. Gwaggona ta faɗa wa mamarka. Ta ce ba za ta ɗaura maka auren da zai ƙare a ɗakin haihuwa ba. Gaskiyarta ce. Ka manta da ni."

Yana gama karantawa ya miƙe. Ya cire farar rigarsa ya nufi gidansu. Ya same ta a falo, idanu sun kumbura.

"Kin taɓa yankewa jini ya ƙi tsayawa?"

"A'a."

"Wane launi ne murfin kwalbar da aka zuba jininki?"

"Ina kuka kana tambayata launi?" Ta share hawaye. "Shunayya. Ita na ƙura wa ido don kar in ga allurar."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Saurara, ƙanwata. Kowace kwalba da maganin da ke hana jini daskarewa a cikinta. Na mai shunayya yana kame sinadarin kalsiyam kakaf, kuma sai da shi ƙwayoyin nan suke manne wa juna. Ko jinin ɗan dambe aka zuba, haka za a gan su kamar matattu. Wannan gwajin sai mai shuɗin murfi. Nata maganin riƙon sassauci yake yi."

"In kuma aka sake, aka ga ina da ciwon?"

"Sai mu nemi likita tare. Ba inda zan je."

Da aka zo sake gwajin, mamarsa ta ce ba ta yarda da hannun mai so ba. Don haka shugabar ɗakin gwajin ce ta ɗebi jinin da kanta, mama na zaune da jaka a cinya. Da aka kawo allura, mama ce ta kamo hannun yarinyar ta riƙe.

Bayan awa uku shugabar ta fito da takarda.

"Hajiya, jinin surukarki ya fi nawa lafiya."

Mama ta juya ta dubi yarinyar. Sai ta jawo ta jikinta.

"Tsoro ne ya sa ni, 'yata. A wajen haihuwa na rasa ƙanwata. Ki yafe mini."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, mama ta dafa kansu su biyun.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sauke ki lafiya duk ranar da ya kawo rabo."

Duk ɗakin ya amsa da amin.