Laftof ɗin Malama

Da yamma liƙis Injiniya ya jawo ƙofar shagonsa rabi, ya zaro tsohuwar laftof daga jakar yadi ya aza a kan tebur. Ba wani injiniyan makaranta ba ne, mai gyaran kwamfuta ne, maƙwabta suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Kwamfutar kuwa ta matarsa ce, Malama, wadda ta rasu bara.

Tun rasuwar bai yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne kawai ya ƙi zuwa. Yana ci, yana salla, yana buɗe shago, kamar wanda aka yi wa allurar kashe zafi ta ƙi sakinsa. Kwamfutocin mutane duk ya gyara, wannan ɗaya ya tura ƙarƙashin gado ya kau da kai.

'Yarsa tilo, wadda kowa ke kira 'Yar Baba, ita ta tilasta masa. Da safe tana ɗaura takalmin makaranta ta ce ta fara manta muryar Umma. A cikin kwamfutar nan akwai bidiyo guda, Malama tana koya mata karatu. Babu shi a ko'ina kuma, don wayar Malama a asibiti ta ɓace. In kwamfutar ta mutu, muryar ta tafi ke nan.

Matsalar kwamfutar irin mai cin ran nan ce. Yau ta tashi, gobe ta yi lif. Fitila ta ƙyafta, fanka ta juya, sai ɗif. Ya tambayi yarinyar yadda yake tambayar kwastoma, yaushe take tashi? Ta ce sai in ita kaɗai ce a ɗaki, kuma allon baƙi yake tsayawa. Ya ɗauka wata waya ce ta saki a ciki, tana haɗuwa in an aza ta a cinya. Mai sana'a ai kullum waya yake zargi.

Ya fara yadda ya saba, a cire abu ɗaya a gwada. Ya canza caja, shiru. Ya zare batir, ya danne maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta fita, shiru. Ya kife ta ya kwance kusoshi, ya jera su a murfin gwangwani. Ƙura ta yi kitso a bakin fanka. Ya cire ram, ɗan katin nan na ƙwaƙwalwarta, ya goge bakinsa da kilinar fensir, ya mayar, shiru. Faifan ajiya, inda bidiyon yake kwance, ya zare shi ya sa a aljihun gaba, don shi bai taɓa barin faifai a kan tebur ba.

Keken tela na shagon gefe ya yi shiru. Aka kira magariba, layin ya watse. Ya ce bari ya ƙarasa wannan ya bi su masallaci.

Ya cire fanka. Ya cire sifika. Ya cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Abin da ya rage ƙwarya ce kawai da allo, ba wuta, ba komai. Amma hannun mai gyara ba ya shawara da kansa. Ɗan yatsa ya tafi kan maɓalli ya danna, baki kuma ya faɗi abin da yake gaya wa kowace kwamfuta mai taurin kai.

"Haba, yi magana mana."

Fitilar gefe ta kama.

Ya dubi cajar. Tana ƙasa a naɗe. Batir yana kusa da gwiwar hannunsa.

Sai iska ta fara fitowa ta ramin fanka, ta shiga, ta fita, a hankali. Fankar tana kan tebur ba ta motsi. Warin dalma da ya kama shagon ya ɓace, wani wari ya maye, irin na kayan da suka daɗe a rufe a akwati. Sanyi ya bi gefen tebur ya hau hannunsa.

"Ka daɗe," in ji muryar, ƙasa-ƙasa.

Ta Malama ce. Har 'yar shaƙewar nan tata ta mai yini a aji.

Gaskiyar magana, bai ji tsoro ba. Bai ji daɗi ba ma. Zama ya yi da sukundireba a hannu yana kallon wayar sifika tana lilo. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshe ya yi nauyi. Wani sashe na zuciyarsa ya ce zauna ka saurara, me ya rage maka?

"Ina yarinyar?"

Kalmomin suna fitowa a jere, ba a jan numfashi a tsakaninsu.

Ƙofar shago ta yi ƙara. 'Yar Baba ce, goggonta ta aiko ta kira shi. Ta tsaya a bakin ƙofa da silifa ɗaya a ciki.

"Umma?"

"Zo, 'yata. Taɓa allon. Hannu ɗaya kawai."

Yarinyar ta taho.

Allon baƙi ne, shagon yana fitowa a ciki kamar madubi. Ya ga kantoci, ya ga kansa. Ya ga 'yarsa. Amma ta cikin allon ta riga ta iso, tana tsaye a gaba-gaba, ta manna tafin hannu daga ciki tana jira. Ta waje ko tsakiyar shago ba ta kai ba.

Ya so ya tashi. Ƙafafu suka ƙi.

Ta miƙa hannu.

Yatsu biyu suka taɓa.

A nan harshensa ya saku. Ya ambaci sunan Allah da wata murya da bai san tasa ba ce, ya fizgo yarinyar ta wuyan riga. Jikinta ya yi nauyi kamar ana ja ta ɗaya gefen. Ya sa ƙafa ya hankaɗe teburin. Kwamfutar ta faɗi, allon ya tsage, kusoshi suka watse.

Muryar ba ta tsaya ba. Daga ƙasa take kira, zo, zo, tana kauri, tana rabuwa, har ta daina kama da ta mace.

Ya rungumi 'yarsa ya fita ba takalmi. A bakin layi suka yi karo da tela yana dawowa daga masallaci. Tela ya dubi fuskarsa, ya koma ya ja ƙofar shagon ya datse.

Washegari da hantsi shi da tela suka kwashe tarkacen da shebur suka ƙone. 'Yar Baba ta sha zazzaɓi ta warke, sai dai yatsun nan biyu har yau ba ta jin zafi ko sanyi da su.

Faifan bai yi komai ba. Da ta samu sauƙi ya haɗa shi da wata kwamfuta a falo, da rana tsaka, goggo na zaune. Bidiyon ya buɗe. Ga Malama a kan tabarma da littafi, ta ja numfashi, ta yi dariya, ta ce da mai ɗauka ya matsa ya tare musu haske. Ita ce, ba ko shakka.

'Yar Baba ta toshe kunnuwa ta shige bayan goggonta.

"Baba, kashe. Don Allah kashe. Ba na son muryar nan."

Ya kashe. Ya zauna yana kallon allon, sai ya ji ruwa yana ɗiga a bayan hannunsa.