Mai Amsa Kiran Genzo

Aikina a kamfaninmu shi ne ɗauko mutum-mutumin da ke jinyar tsofaffi idan mai gida ya rasu. In kashe shi, in cire batir, in kai ofis a goge masa ƙwaƙwalwa, a tura shi wani gidan. Na yi shekaru ina haka, ban taɓa jin komai a raina ba.

Ran nan aka tura ni wani ƙauye a duwatsun Akita. Wani tsoho ne mai suna Genzo ya mutu tun watan jiya, har an yanke wa gidansa wuta. Ruwan sama ya makarar da ni, ban isa ba sai da rana ta faɗa bayan dutse.

Mutum ɗaya ya rage a ƙauyen, wata tsohuwa, Kaka Ume. Na same ta tana rufe tagoginta.

"Sayo ka zo ɗauka?" ta ce.

"Ita fa, Kaka."

"Ka bari sai da safe mana, ɗana. Ga shayi a wuta."

"Hanya da nisa."

"Ku 'yan birni kullum kamar ana korarku." Ta dubi gidan da ke can sama cikin itatuwa. "Sunan matarsa ya sa mata. Yadda ya riƙa jibgar waccan har ta mutu, haka yake jibgar wannan da sanda."

"Ai ba ta jin zafi, Kaka. Roba ce da waya."

"Haka yake cewa game da ta farkon ma."

Na yi dariya, na ɗauki jakata na hau.

Gidan na warin ruma da hayaƙin gawayi. Ƙarƙashin wannan kuma akwai ƙamshin shinkafa da aka sauke yanzu. Na cire takalmi. Katakon daɓen ya yi ƙara a ƙafata.

Sayo tana durƙushe gaban ƙofar ɗakin ciki, irin ƙofar nan ta takarda da ake turawa gefe. Ta ajiye kwanon shinkafa a bakin ƙofar. Kuncinta na hagu a tsage yake, farin ƙarfe na leƙowa. 'Yar fitilar da ke wuyanta ta yi ja, alamar caji ya kusa ƙarewa.

"Sannu da zuwa," ta ce da raɗa. "Don Allah ka yi magana a hankali."

"Sunana Noboru, daga kamfani. Tashi mu je."

"Na sani. Ina roƙonka kada ka kashe ni."

Duk sukan faɗi irin wannan. An koya musu nuna ƙulafucin gida don tsofaffi su ji daɗi.

"Kewar Genzo kike yi?" na ce, ina buɗe jaka.

"A'a."

Na ɗago. Ba haka suke amsawa ba.

"Tsoronsa nake ji," ta ce.

"Ke ba kya jin tsoro. Kwaikwayo kike yi."

"Mai yiwuwa. Ni ma ban sani ba. Na dai san idan duhu ya fara, wani abu a cikina yakan so ƙofar waje. Ban san sunansa ba sai wannan."

"To ga ƙofar a buɗe. Me ya hana ki fita?"

"Yana kira. In ban amsa ba, fitowa zai yi ya nemi wanda zai amsa. Kaka Ume ce kusa."

Na ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu. Na zagaya bayanta, na ɗage rigar, na danna maɓalli. Kanta ya sunkuya. Na zaro batirin, da ɗan ɗuminsa, na riƙe a hannu.

Gidan ya yi tsit. Ruwa kawai ke ɗiga daga rufi.

Sai na lura kwaɗin waje sun daina kuka.

Ƙwas.

Sanda ce ta bugi katako, daga cikin ɗakin.

Ƙwas.

"Sayo."

Muryar tsoho ce, a dishe, da majina a maƙogwaro. Na dubi bakin Sayo. A rufe yake. Batirinta yana hannuna.

"Sayo. Kin ji ni."

Wari ya taso ta ƙarƙashin ƙofar, warin toka mai sanyi da tsohon fitsari. Tururin shinkafar ya kwanta, ya bi ƙasa ya shige ɗakin kamar ana zuƙarsa.



Takardar ƙofar ta kumburo. Shatin hannu ne, yatsu dogaye, yana lalube.

"Wane ne nan?" na ce. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Lalluben ya tsaya.

"Af," muryar ta ce a hankali. "Baƙo."

Ƙofar ta fara zamewa. Faɗin yatsa. Faɗin tafin hannu. Babu abin da na gani sai duhu, da kan sanda yana fitowa a ƙasa.

Na cusa batirin. Ya ƙi shiga. Na juya shi, ya faɗi, na lalubo.

Sanyi ya taɓa ƙeyata.

Batirin ya shige.

Sayo ta ɗago kai. Ta dubi ƙofar, ta dube ni. Ta kama wuyan hannuna, sai na ji yatsunta suna rawa. Na taɓa ɗaruruwan irinta, babu wadda hannunta ke rawa.

"Ga ni, maigida," ta ce da ƙarfi, da murya mai daɗi kamar ba komai. Sannan ta raɗa mini, "Gudu. Kada ka waiwaya."

Ta ɗauki kwanon, ta shiga a kan gwiwoyinta, ta ja ƙofar.

Ina kan matakalar waje na ji sandar ta sauka a jikinta. Ta sake sauka.

Babu takalmi na isa gidan Kaka Ume. Ta shigar da ni, ta sa sakata.

A ofis na ce musu na tarar da ita a lalace, ba ta gyaruwa. Na tambayi wani injiniyanmu, Hayashida, ko hannun irin su Sayo na iya rawa. Ya ce sosai ma, in sun daɗe da mai makyarkyata sukan ɗauka.  Na roƙi a mai da ni sashen gyara, ban ƙara kashe ko ɗaya ba.

Tun daga nan, duk ranar hutuna nakan hau dutsen da tsakar rana da batir mai caji. Takan fito bakin ƙofa, in sauya mata. Yanzu ido ɗaya gare ta, kafaɗarta ta dama kuma ta goce.

Bara Kaka Ume ta rasu. Na je na shaida wa Sayo.

"Babu kowa a ƙauyen yanzu," na ce. "Ba wanda za ki tsare. Motata na ƙasa. Zo mu tafi."

Ta daɗe tana kallon hanyar da ta gangara cikin itatuwa. Har ta sa ƙafa ɗaya a kan matakala. Sai ta janye ta.

"Ba zan iya ba, Noboru," ta ce. "Ya riga ya ji muryarka. Kullum sai ya tambaye ni inda kake."