Jan Layin da Torleif Ya Zana

Sunniva ta fara ganin Torleif ne a taron wata ƙungiyar masu hawan dutse a garin Sogndal, yana zuba wa mutane kofi. Da mugun nufi ta zo, shi ya sa ta ji haushin kanta da ta lura murmushinsa yana da kyau.

"Baƙuwa muka yi? Ga kofi, ga waina da cuku," in ji shi.

Ta karɓa tana dariya, a ranta kuwa cewa take, za ka ɗanɗana kuɗarka.

Bara ne yayanta Audun ya bi wata hanya da ya gani a manhajar waya, jan layi mai nuna ana iya sauka ta bayan dutsen garinsu. Layin ya kai shi bakin gangare mai santsi, ya zame, ƙugunsa ya karye. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, yanzu sai da sanda. Sunan wanda ya ɗora hanyar a manhajar kuwa Torleif.

Ba ta sha wahala ba wajen sace zuciyarsa. Kullum da safe saƙonsa na shigowa: "Tauraruwata, kin tashi lafiya? Yau na zuba gishiri a kofi saboda tunaninki."

Ita kuma ta mayar: "Ka daina ɓarna, Nawa. Asabar ka zo in kai ka dutsen garinmu."

Abin da ya dame ta, kalmar nan "Nawa" ta fara fita ba tare da ta tilasta wa yatsunta ba.

Ranar Asabar ta sa shi gaba, ta ce su bi jan layin. Hazo ya sauko daidai lokacin da ƙasa ta ƙare a gabansu.

"To, sauka mana," in ji ta. "Ba hanyarka ba ce?"

Ya leƙa, ya ja da baya. "Nan ai ba hanya."

"Audun ma haka ya gani, bayan ya riga ya zame. Yayana ne. Ka taɓa taka wurin nan?"

Fuskarsa ta yi fari fat. "Ban taɓa ba. Hanyoyi biyu na haɗa a kwamfuta."

"Sai wayarka ta kai ka gida."

Ta juya ta bar shi cikin hazon. A mota ta zauna tana jiran daɗin ramuwa, amma maimakonsa tsoro ya zo. Ta koma sama da gudu tana ƙwala masa kira.

Ta same shi yana jera duwatsu a bakin gangaren, hannayensa duk jini.

"Na goge layin," ya ce, bai ɗago ba, "amma wasu sun riga sun kwafa. Dole a toshe wurin."

Ta durƙusa ta ɗauki dutse, hawaye na zuba.

Da ta kawo maganar aurensu a gida, mahaifinta Baba Halvard ya buga tebur. "Wanda ya gurgunta mini ɗa? Ba a gidan nan ba!"

Torleif ya shafe damina yana taka kowace hanya da ya taɓa ɗorawa, yana gyarawa, yana bin waɗanda suka kwafa da roƙon su goge. Baba bai sauko ba, sai da Audun da kansa ya sa baki.

"Baba, ni aka karya, ni ke da hukunci. A ba shi ita. Amma cocin nan da ke kan tudu, shi zai goya ni har ƙofa."

Haka kuwa aka yi. Ranar ɗaurin aure ango ya hau tudu da ƙaton yayan amarya a baya, gumi ya jiƙa masa riga, Audun na zungurinsa da sanda.

"Hagu, malam! Ni ne taswirarka yau!"

Mutane suka yi ta dariya. A ƙofar coci Baba Halvard ya daɗe yana kallon angon, sannan ya gyara masa wuyan riga, ya ɗora hannun Sunniva a nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arku."

Sunniva ta raɗa masa, "Ka gaji, Nawa?"

"Bayana ya mutu, Tauraruwata."

"Madalla," in ji ta, ta ƙara riƙe hannunsa.