Ruwan Masu Busa a Gidan Mama Eulalie

Allah sarki Zenobia Lacour! Marainiyar da ta tashi tana wankin kwanukan gidan gwaggonta, yau ga ta tana share hawaye a ƙofar gidan da ta ƙwallafa rai za ta saya a unguwar Tremé, layin da aka haifi mahaifiyarta...

"Na fasa sayar miki, yarinya," in ji Mama Eulalie, tsohuwar mai gidan. "Roland ya ce masaukin 'yan yawon buɗe ido za ki mai da shi. Shi zan ba."

Roland ɗan gwaggon Zenobia ne, mai bakin da ya fi zuma zaƙi. Zenobia ta rantse ƙarya ya yi mata har muryarta ta dushe, amma ina! Tsofaffin layin da ke zama a baranda suka daina amsa gaisuwarta, kuma a Tremé gara a mare ka da a yi maka haka.

"Ya Ubangiji, kai ka san zuciyata," ta ce, ta tafi tana kuka.

Shekara hamsin ke nan, duk Lahadin da jerin gwanon masu busa da ganga ya biyo layin, wannan gida ne ke ba su ruwa. Zenobia ta san gwiwoyin Mama sun gaza, don haka da Lahadi ta zagayo, duk da ɓacin ran ta kinkimo ruwan ƙanƙara ta zo. Masu busa suka tsaya suka kafa kai, layi ya yi tsit.

Daidai lokacin Roland ke zagaya gidan da wani baƙo mai igiyar awo. Baƙon bai ankara kiɗa ya tsaya ba, ya ci gaba da ɗaga murya.

"Gado goma sha biyu zai ci, Roland! Baƙinmu za su so kallon rawar nan."

Ai kuwa tsofaffin nan suka yi wa Roland caa da laimomin da suke rawa da su. Ya ranta a na kare, takalmi ɗaya a hannu, mai ganga na raka shi da kiɗa har kwanar layin.

Mama Eulalie ta rungume Zenobia, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yafe mini, 'yata. Tsufa ne, kunne ya fi ido aiki."

"Ba komai, Mama."

"Da komai mana. Gobe mu sa hannu a takardar cinikin gidan. Amma ɗakin baya nawa ne duk Lahadi, sai na koya miki taka rawa, don ban yarda da rawarki ba tukuna."

Zenobia ta fashe da dariya tana kuka, maƙwabta kuwa har rige-rigen gaishe ta suke yi.