Ɗanyen Fenti a Hannun Malam A'a

Mai shara ce ta fara ganinsa. Ta zo da sassafe ta tarar da ƙofar sabon wurin shaƙatawar a garƙame da kwaɗo, ta zauna jiran a buɗe mata. Da jiran ya ishe ta, sai ta hau wani tudu a bayan shinge ta leƙa. Can a ƙasan tafkin iyon da ba a kai ga zuba wa ruwa ba, ta hango mutum kwance, ko motsi ba ya yi.

Kafin rana ta ɗaga Sufeto ya iso da Sajensa. Ya sa aka datse kwaɗon, suka shiga.

Sufeto ya san wurin. A unguwar yake zaune, kuma a kan idonsa aka kwashe juji aka shuka ciyawa, aka kafa liluka da wani benen ƙarfe mai tsani wanda yara za su riƙa hawa suna sulalowa. Washegari ne ƙaramar hukuma za ta buɗe shi. Har an jera kujeru a ƙarƙashin rumfa.

Ya sauka cikin tafkin, ya durƙusa kan gawar. Mutumin ya faɗo ne ta baya, ƙeyarsa ta bugi siminti.

"Na san shi, Yallaɓai," in ji Saje. "Jami'in sa ido ne na sashen tsare-tsare. Shi ke duba filayen wasa kafin a buɗe su. Malam A'a ake ce masa."

"Saboda me?"

"Ko gaishe shi ka yi, sai ya ce a'a tukuna sannan ya amsa."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya juya hannun mamacin na dama, ya ga tafin duk koren fenti ne, amma a goge, kamar ya damƙi wani abu an fizge. Ya laluba aljihunsa ya fito da tef ɗin awo da makulli. Da aka gwada makullin a kwaɗon da aka datse, sai ya shiga daram.

"To, matacce ba ya kulle ƙofa ta waje," in ji Sufeto. "Wa da wa ke da irin wannan makullin?"

Mai shara ta ce, "Shi, da Ɗan kwangilar da ya gina wurin, da Daraktan sashensu. Ni kam kullum jira nake yi."

Aka aika a kira Ɗan kwangila. Ya zo yana sharce gumi, yana salati tun daga bakin ƙofa.

"Yaushe rabonka da wurin nan?" Sufeto ya tambaye shi.

"An kwana biyu, ranka ya daɗe. Mun gama komai tuntuni, har fenti."

Sufeto ya kama hanya zuwa benen ƙarfen, Ɗan kwangila na biye da shi. Ya dangwala yatsa a ƙafar benen, ya ɗago ya nuna masa koren da ya manne.

"Fentinku yana da nawa wajen bushewa."

Kusa da ƙasa akwai wurin da wani ya share fentin da hannu. Sufeto ya karɓi ƙaramar wuƙa a wurin Saje ya kankare gefen, sai wani abu kamar ƙullu ya ɓantalo. A ƙarƙashinsa ƙarfen ya ci tsatsa har ya huje. Ya kama tsanin ya girgiza, benen duka ya yi kuka.

"Yara nawa ne za su hau wannan gobe?"

"Yallaɓai, tsohon ƙarfe ne, daga filin wasan da aka rushe aka kwaso shi. Malam A'a ya gani, ya ce sai an sare shi. Jiya da safe na zo na cike ramukan na shafa fenti. Wallahi kafin azahar na bar wurin nan. Matata na kwance a asibiti, a can na wuni."

"Wa ya ce ka shafa?"

Mutumin ya duƙar da kai. "Ni dai ɗan aike ne. An ce a buɗe tukuna, gyara ya biyo baya."

"Wa ya ce?"

"Wanda ke da ikon cewa."

Saje ya tafi asibiti ya tabbatar da maganar. Ma'aikatan jinya sun ce har faɗa suka yi da shi saboda ya ƙi fita daga ɗakin mata. Sufeto kuwa ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma.

A farfajiya ya lura da wata rumfar mota mai allo da aka rubuta Darakta a jiki, babu komai a cikinta.

"Bai shigo ba?" ya tambayi maigadi.

"Yana sama. Yau tasi ce ta kawo shi. Tun da nake a nan ban taɓa ganinsa ba tare da motarsa ba, har muna cewa tare aka haife su."

Darakta dattijo ne mai furfura da sanyin murya. Bangon ofishinsa duk zanen taswirori ne, a kan tebur kuma ga siffar wurin shaƙatawar an yi da kwali, da 'yan bishiyoyinta na soso. Idanunsa sun yi ja.

"Mijin ƙanwata ne," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Ni na kawo shi aikin nan."

"Allah ya jiƙansa. Na zaci a gidan rasuwa zan same ka."

"Daga can nake. Shugaban ƙaramar hukuma ya gayyaci baƙi, dole wani ya tsaya a kan shirin gobe."

"Ashe ba a fasa ba."

Darakta ya shafa gefen siffar kwalin da yatsa. "Sufeto, tun ina ƙaramin ma'aikaci nake faɗa a kan filin nan. An so a yanka shi filoti, an so a mai da shi tashar mota, na tsaya kai da fata. Yaran unguwar a kan kwalta suke ƙwallo. Ƙarshen watan nan zan yi ritaya, kuma idan ba a buɗe shi ina nan ba, na san abin da za a yi da shi bayana."

"Marigayin ya yi maka maganar benen ƙarfe?"

"Kullum yana da magana. Ai ka ji sunan da ake kiransa."

"Makullinka fa?"

"Ya ɓata tun kwanaki. Ni rabona da wurin ma an jima."

"Motarka lafiya?"

"Tana gareji. Birki ne."

"Wane garejin?"

"Yarona ne ya kai, ban tambaya ba."

Sufeto ya yi masa sallama. Ya fi son ɓarawo mai jan ido da irin wannan mutumin, wanda rabin maganarsa gaskiya ce.

Gidan marigayin ɗan ƙarami ne a ƙarshen layi. Aka shigar da Sufeto falo, matar ta fito da kumburarrun idanu ta zauna a bakin kujera. A jikin ƙofar ɗaki an rataye wata 'yar rigar makaranta da aka goge tsaf.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, tambaya ce kaɗan. Jiya da yamma ina ya ce miki za shi?"

"Bai faɗa ba."

"Ranar hutu ce. Ya ɗauki tef ɗin awo ya fita, bai ce komai ba?"

"Haka yake. Aiki ne kawai a gabansa."

Tana magana tana murza bakin mayafinta, ba ta ko kallonsa. Sufeto ya juya ya dubi rigar.

"Ta 'yarki ce?"

"Eh. Tana cikin 'yan makarantar da aka zaɓa su fara hawa kayan wasan gobe. Kawunta ne ya sa sunanta."

"Benen ƙarfen?"

"Shi. Sati guda ba ta da zance sai nasa."

Sufeto ya zaro hankici daga aljihu ya warware. A ciki akwai ɓallin ƙarfen da ya kankaro, ja kamar busasshen jini. Ya murza shi da yatsa biyu ya zama gari.

"Wannan ƙafar benen ce. Da hannu ɗaya na girgiza shi. Mijinki ya sani, shi ya sa ya fita."

Matar ta ƙura wa garin tsatsar ido. Ta daɗe a haka, sannan hawaye suka zubo.

"Ya ce mini 'yarsa ba za ta hau ba, 'yar kowa ma ba za ta hau ba," ta ce da ƙyar. "Ya ce tunda Yaya ya ƙi ji da kunne, zai kai shi ya gani da ido. A gabana ya buga masa waya. Da dare ya yi bai dawo ba, na kira Yaya, ya ce mini bai samu zuwa ba, wataƙila wani wurin ya wuce. Ya ce in kwanta."

"Me ya sa ba ki faɗa mini tun farko ba?"

"Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Shi ya aurar da ni. Ta ina zan fara?"

Suna fitowa wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan da ya duba gawar ne. Sufeto ya saurara har ƙarshe, ya kashe wayar ya tsaya yana kallon ƙasa. Matar ta biyo shi har bakin mota.

"Gidansa za ku? Zan bi ku."

Ya so ya hana ta, amma da ya dubi fuskarta sai ya buɗe mata ƙofar baya.

Sun tarar da Darakta ya dawo gida, yana zaune a baranda da kofin shayin da ya huce. A gefen gidan ga mota an lulluɓe da tamfol.

"Ashe gareji ya matso kusa," in ji Saje.

Ya yaye tamfol ɗin. Sufeto ya miƙa hannu, Darakta ya ba shi makullin motar ba musu. Kujera fes, sitiyari fes, har ƙamshin sabulu ke tashi. Sufeto ya kama bel ɗin kujerar direba ya jawo shi har ƙarshe. Daidai inda yake ratsa ƙirjin mutum, ga koren fenti ya yi shati.

"An wanke ko'ina, an manta da wannan don ya naɗe kansa ya koma ciki," in ji Sufeto. "Ya damƙi rigarka a ƙirji, ko ba haka ba?"

Darakta ya dubi ƙanwarsa, ya sauke ido.

"Na je," ya ce. "Ya share fentin da hannunsa ya nuna mini ramin. Na ce masa na gani, a bari a yi bikin, washegarinsa in sa mai walda ya sare shi. Ya ce a'a. Ya ce ranar bikin da safe zai tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa iyayen yara da bakinsa. Na juya zan tafi, ya biyo ni har bakin tafki ya riƙe mini riga yana cewa, 'Yaya, ka saurare ni.' Na ture shi don ya sake ni. Turewa ɗaya ce."

"Sannan?"

"Na leƙa na gan shi kwance. Na tsorata. Na fita na kulle ƙofa."

"Ina makullin?"

"Yana aljihun ƙofar mota."

Saje ya laluba ya fito da shi.

Sufeto ya ja numfashi. Ya san abin da zai faɗa yanzu zai fi ankwa ciwo, kuma ba ga mutum ɗaya ba.

"Likita ya ce faɗuwar ba ita ta kashe shi nan take ba. Jini ne ya yi ta zuba a hankali. Da an kai shi asibiti a yammacin nan, da yanzu yana kwance yana gardama da ma'aikatan jinya."

Darakta ya dafa jikin motar, ya sulale zai faɗi har sai da Saje ya tare shi.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta tako har gabansa, ta tsaya.

"Yaya, lokacin da kake kulle ƙofar, yana magana?"

Ya kau da kai.

"Ka faɗa mini. Ba zan sake tambayarka komai ba a duniya."

"Na ji kamar yana kira," ya ce. "Na ce wa kaina iska ce."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta juya ta nufi titi. Matar Darakta ta fito da gudu ta kama hannunta, ita kuwa ta zame ta ci gaba da tafiya.

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, don dattijon ko tsayuwa ba ya iya yi, balle gudu. Suka riƙe shi ta kafaɗu biyu suka sa shi a bayan mota.

Kafin su tashi, Sufeto ya kira caji ofis ya ce a tura kurata biyu wurin shaƙatawar, a zagaye benen ƙarfen da igiya, kada ko kaza ta raɓe shi har sai an sare. Daga baya Darakta ya ɗago kai.

"A duba lilon da ke kusa da famfo ma," ya ce. "Shi ma daga tsohon filin aka kwaso shi."

Sufeto ya maimaita saƙon a waya, sannan ya ce wa direba su tafi.